Ba Wannan Kalar Na Gani A Waya Ba

Duk matar da ta taɓa sayen atamfa ko leshi ta waya, ta tura kuɗi, ta zauna jiran saƙo daga tasha, ta san irin faɗuwar gaban da ake yi a lokacin kwance leda. Wani lokaci a dace, abin da aka gani shi ne ya zo. Wani lokaci kuwa sai a buɗe a yi shiru, a ɗauko waya a duba hoton, a dubi kayan, a sake duban hoton, sannan a ce, "To ai ni ba wannan kalar na gani ba." Daga nan sai kiran waya, sai rantse-rantse, har a kai ga ɓatawa tsakanin matan da tun suna 'yan mata suke tare. Mai saye ta ce an cuce ta, mai sayarwa ta ce wallahi turmin da ta ɗauka a hoto shi ta saka a leda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne, sau da yawa dukkansu biyun gaskiya suke faɗa. Mai laifin yana can maƙale a silin, wato ƙwan lantarkin da aka ɗauki hoton a ƙarƙashinsa, sai kuma abokiyar burminsa, wayar da aka sakar wa ragama ta yi gaban kanta.

Kafin in yi nisa, bari in faɗa wa mai karatu inda na samo bakin magana, don kada a ce wani ya zo yana koya wa mata kasuwanci. Ni ko allura ban taɓa sayarwa ba. Amma daga 2002 zuwa 2006 na yi yaron shago a wani situdiyon ɗaukar hoto a Fagge, zamanin da ake saka fim mai cin hoto 36 a kyamara, a je biki ko saukar karatu a ɗauka, sai an kai wurin wanki an dawo sannan ka san ko ka yi aiki ko ka yi ɓarna. A wancan lokacin kowane ƙyas ɗaya kuɗi ne, saboda haka kafin maigidana ya danna sai ya tsaya ya dubi inda haske yake fitowa, ya juya mutum, ya matsar da kujera, ya ɗaga labule, har masu hoton su ƙosa. Wayoyi masu kyamara suka zo suka rage wa wannan sana'a kasuwa, ni ma na kama wani aikin.

Yayata ce ta dawo da ni. Tana zaune a Hotoro, ba nisa da Tsamiyar Boka, kuma tun da maigidanta ya rasu ya bar mata yara huɗu, abin da take riƙe gida da shi ke nan: ta hau a-daidaita-sahu ta je Kantin Kwari ta saro atamfa da leshi da shadda da mayafai, ta haɗa da humra da turaren wuta da take yi da hannunta, ta ɗora hotunansu a sitatus ɗin WhatsApp da Instagram. Ba ta da shago. Wayar nan ita ce shagonta, ita ce rumfarta, ita ce dillaliyarta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, in ka bi layukan Hotoro Arewa da Hotoro Kudu gida-gida, da wuya ka wuce gida biyar ba ka tarar da mai irin wannan sana'a ba, wata takalma, wata kayan kicin, wata kek da cincin. Kuɗin makarantar yara da na cefane da na magani duk a kan hoto suke tafiya.

Bayan ƙaramar Sallar 2022 aka yi mata ciniki mai tsoka. Wasu masu biki a Gombe suka nemi ta fitar musu da anko, turmi 30. Ta dawo daga kasuwa bayan magariba da samfur guda huɗu, masu biki suna ta kira suna gaggawa, sai babbar 'yarta ta shimfiɗa su a kan kafet ɗin falo ta ɗauka, a ƙarƙashin ƙwan nan mai haske ja-ja. Amarya ta zaɓi ɗaya. A hoto, ƙasan atamfar ruwan madara ne, furenta kuma ruwan hanta. A zahiri kuwa ƙasan ruwan toka ne, furen ruwan albasa. Kafin kaya su isa Gombe, ƙawayen amarya sun riga sun sayi mayafai da takalma masu shiga da ruwan madara. Sai ga turmi 30 sun dawo Hotoro a buhunsu, kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyan Yaya, wanda ta sara a wurinsa ya ce kaya in sun fita sun fita. Jarin kuwa kwasar adashi ce. Wata biyar ta yi tana sayar da su ɗai-ɗai, wasu ma ƙasa da yadda ta saro.

Asarar kuɗin ba ta ƙona mata rai kamar saƙon murya guda da uwar amarya ta aiko ba, inda ta ce ashe haka 'yan Kano suke. Ranar da na je gaishe ta, ta kunna min shi sau biyu, sannan ta ce, "Auta, ni fa ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Yanzu fisabilillahi mene ne laifina a nan?" Na ce, "Yaya, ba ki da laifi, amma ita ma matar nan ba ta da shi." Kuma har yau ra'ayina ke nan. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, littafin da har gobe ake bita a zaurukan malamai a cikin birni, akwai hukunci a babin ciniki da ya yi kama da an rubuta shi don masu sayar da kaya ta waya. An halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, an kuma hana sayen tufa da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko kuma a saye ta cikin duhun dare inda ba a iya ganin abin da ke jikinta. A mazhabarmu ta Malikiyya, in kaya suka zo suka saɓa wa siffar da aka faɗa, mai saye yana da damar mayarwa. To hoto a yau ai shi ne siffar. Malamin da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce ya san cewa ba a cinikin tufa sai da haske, mu kuma muna da waya a hannu muna ɗaukar atamfa ƙarfe tara na dare.

Iyayenmu mata ma sun san wannan. Wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa Kwari haɗa lefe zai tuna abin da take yi in an miƙo mata turmi a cikin shago: sai ta ce wa yaron shago, "Bari in fita da shi haske." Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga shi, ta juya, sannan ta yi magana. Ba wai tana zargin mai shago ba ne, a'a, ta dai san ƙwan cikin shago yana da tasa kalar da yake shafa wa kaya. Haske ba fari ɗaya ba ne. Masana suna auna launinsa da ma'aunin da ake kira Kelbin, kuma in mai karatu ya duba kwalin ƙwan lantarki zai ga lambar a rubuce da harafin K a gefenta. Tsohon ƙwai mai zare, da sababbin da aka yi su yi kama da shi, suna wajen 2,700, haskensu ja-ja ne. Hasken rana da tsaka yana wajen 5,500. Farin ƙwan da ya cika gidajenmu yanzu 6,500 ne, yana ɗan karkata zuwa shuɗi. Inuwar da sararin sama kaɗai ke haska ta takan haura 7,000. Bugu da ƙari, ƙwai mai araha ko da fari ne tas a ido, haskensa ba ya ɗauke da dukkan launuka daidai, musamman ja mai duhu, shi ya sa ruwan hanta da ruwan makuba suke mutuwa a ƙarƙashinsa, kuma wannan babu wani saiti a waya da zai gyara shi.

Mu ba ma lura da wannan bambanci ne saboda Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwarmu baiwar gyarawa. Farar riga fara ce a idonka da rana, fara ce a hasken aci-bal-bal, domin ƙwaƙwalwa tana cire kalar hasken ta bar maka kalar rigar. In ba ta san irin hasken ba kuwa, sai ta yi hasashe, kuma hasashen wani ba na wani ba ne. Masu shiga intanet za su tuna rigar nan da ta raba duniya gida biyu a watan Fabrairun 2015, wadda aka ɗauki hotonta a wani kanti a Ingila: wasu suka rantse fara ce da ruwan gwal, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi, mugun haske ne ya rikita mutane. To ita ma waya hasashen take yi. Tana duban abin da ke gabanta ta ƙiyasta mene ne fari, ta gyara sauran a kansa. In ka cika mata ido da atamfa kore shar babu wani fari a kusa, sai ta zaci hasken ne kore, ta shiga rage shi, atamfar ta fito a koɗe kamar an wanke ta sau goma.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Farar takarda guda, irin wadda ake buga takardu da ita, a ajiye ta a gefen kaya ta shiga cikin hoton. Waya ta samu abin dogaro, ke ma mai ɗauka kin samu shaida: in takardar ta fito fara a hoto, kalar kayan ta kusa gaskiya, in ta fito ruwan ƙwai ko shuɗi-shuɗi, to ki san kayan ma an shafa musu. Yaya ma yanzu ba ta yanke takardar daga hoton, tana rubuta sunan kasuwancinta a kai, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don masu kwashe hotunan mutane su ɗora a nasu shafin sun yi yawa. A yawancin wayoyi kuma, in aka shiga sashen kyamara da aka rubuta Pro, akwai haruffan WB, nan ne ake daidaita fari da hannu. A ja lambar sama ko ƙasa har takardar ta yi fari, a bar ta a nan har a gama ɗaukar kayan ranar, don kada turmi ɗaya ya fito da kala uku a hoto uku.

Sai maganar wuri da lokaci, wadda a ganina ta fi duk wani saiti. Littattafan koyon hoto na Turawa sukan ce a nemi tagar da ke kallon arewa, wai rana ba ta shigowa ta nan. Gaskiya ne a Ingila ko Faransa. Amma Kano tana wajen digiri 12 ne a arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, sauran watanni kuma ta kudu. Wanda ya haddace dokar Bature ya zo da ita nan, damina za ta ba shi kunya. Abin da ake nema kawai shi ne inuwa mai haske, wurin da rana ba ta bugawa kai tsaye amma haskenta ya cika shi. A gidan Yaya baranda ce. Tana kallon yamma, don haka daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe inuwa ce, rana kuma tana dukan katangar tsakar gida da ke fuskantarta, katangar ta maido da haske mai laushi, faffaɗa, irin wanda masu situdiyo suke kashe dubban nairori su samu. Cikas ɗaya aka samu, katangar ruwan hoda ce, kuma duk abin da aka ɗauka sai ya ɗan yi ja. Bokitin farin fenti guda ya raba gardama. Haka nan jan kafet da koren labule, duk suna aron kalarsu ga kaya, sai a shimfiɗa farin zanin gado ko mai ruwan toka a ƙasa. A kuma kashe ƙwan baranda, domin haɗa hasken rana da na lantarki shi ne ke sa rabin atamfa ya yi ja rabi ya yi shuɗi, waya ta rasa wanda za ta bi.

Kowane yanayi da halinsa. Ranar da hadari ya rufe sama da damina, ko a tsakar gida ma sai a ɗauka, gajimare ya zama labule. Hazon hunturu shi ma yana tausasa rana, amma yana da ja-ja a cikinsa, a nan farar takarda take biyan kuɗinta. Kuma ƙurar Hotoro ba sai an faɗa ba, ga tankokin mai da ke zirga-zirga a depo, ga tirelolin Eastern Bypass da na titin Maiduguri. Rabin hotunan da ake cewa waya ta tsufa ba ta fitarwa, ƙura ce da maiƙon hannu a kan gilashin kyamara. A goge shi da gefen mayafi mai laushi kafin kowane ɗauka, a ga ikon Allah.

In gefe ɗaya na kaya ya yi duhu, ba a kunna filasha. Filashar waya tana manne da idon kyamara, haskenta yana tafiya ya daki kaya ya dawo ta hanyar da ya bi, sai tsakiyar hoto ya yi fau, gefe ya yi duhu, saƙar yadi ta ɓace. Farin kwali ake samu, irin wanda 'yan makaranta suke zane a kai, a jingine shi a ɓangaren inuwar ya maido da haske. Ƙaramin ɗanta ne mai wannan aiki ranar da babu makaranta, kuma ladansa alawa. In kuma rana ta leƙo ta wani gefe, farin mayafi shara-shara a kan igiyar shanya ya ishe ta.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kyamara da maigidana na Fagge ya fara nuna min a kan farar babbar riga. Ma'aunin haske na kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa, tsaka-tsaki ne, kamar ruwan toka. Saboda haka in ka nuna mata farar shadda ta cika hoto, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, shadda ta fito kamar an jiƙa ta da ruwan wanki. In ka nuna mata baƙar abaya, sai ta ga duhu ta ƙara, abaya ta fito a koɗe kamar ta gwanjo. Gyaran yana hannunki: a taɓa kayan a fuskar waya a ɗan danne har ta kulle, sai wata 'yar alamar rana ta fito a gefe. Fari a ja ta sama kaɗan, baƙi a ja ta ƙasa kaɗan. A sashen Pro wannan shi ne EV, a ƙara kamar ɗaya ga fari, a rage kamar ɗaya ga baƙi, a tsaya kafin zanen jikin yadin ya nutse.

Sauran lambobin ba su da yawa. ISO shi ne yadda kyamara take ƙara wa kanta ƙarfin gani. Mu a zamanin fim a kwali muke sayensa, 100 don rana, 400 don cikin ɗaki. In ya yi sama, hoto yakan yi tsaki-tsaki, waya kuma garin share tsakin sai ta share zaren leshi ta mai da shi kamar roba. A bar shi a 50 ko 100. Yin haka zai sa kyamara ta ɗan jima kafin ta ƙifta, don haka hannu ba zai riƙe ba tare da rawa ba: a jingina waya a kan abu, ko a sayi 'yar ƙafar nan mai uku a kasuwar waya ta Farm Centre, a saita ta ɗauka da kanta bayan sakan uku. In ta kama dole sai an yi da ƙwan lantarki, sai a ga wasu layuka masu duhu sun ratsa hoton. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a sakan, wasu ƙwayayen suna ƙiftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. A sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/50 ko 1/100, yawanci layukan za su tafi, sai dai in ƙaramin janareta ne da ba ya tsayawa a gudu ɗaya. Sannan kada a kusanto da waya har ta kusa taɓa kaya, domin idonta mai faɗi ne, yana kumbura abin da ke kusa, kwalbar humra ta fito da ƙaton kai, jaka ƙarama ta zama akwati. A ja baya, a danna 2x. Ga atamfar da aka shimfiɗa kuwa, waya ta kasance daidai samanta a kwance, ba a karkace ba.

Kayan da suka fi ba ni wuya, kuma suka fi ba ni sha'awa, su ne masu ƙyalli. Shadda kamar madubi take, hasken da ya faɗo mata ta wani kusurwa ta irin wannan kusurwar yake tashi. Zanen jikinta ba rini ba ne, saƙa ce, zare ɗaya ne kala ɗaya, bambancin kwanciyarsa ne ke sa wani wuri ya ɗauki ido wani ya yi duhu. In haske ya zo daga gaba, duk sai ta zama fili guda. Sai an bar shi ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, an kuma ɗan tattare yadin ya yi tudu da kwari, sannan zanen yake tashi, mai saye ta gane mai tsada ce ko ta talaka. Na gwada wannan da rawanin marigayi mahaifinmu, ɗan Kura na asali, irin wanda aka rina da baba aka buga har ya yi walƙiya, wanda Buzaye suke nema ruwa a jallo. Sau goma sha na ɗauka yana fitowa baƙi ƙirin, sai da na fito da shi bakin baranda na karkata shi, sannan wannan sheƙin mai kama da jan ƙarfe a cikin shuɗi ya bayyana. Yaya ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba. Leshi mai duwatsu shi kuma akasin haka ne, haske mai laushi yana kashe ƙyallin duwatsun, don haka bayan hoton inuwa sai a ƙara ɗan gajeren bidiyo a bakin rana ana motsa shi. Kwalbar humra kuwa haske daga bayanta take so, ta yadda ruwan zai nuna kalarsa da kaurinsa.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne da 'yar tata, a kan filta. Ta ce, "Kawu, kowa fa yana sawa. In ba a sa ba hoton ba ya kyau, mutane wucewa suke yi." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Na'urar ɗaukar hoto ba ta taɓa zama 'yar ba-ruwana ba, kullum akwai wanda aka gina ta don ta faranta wa. Wata malama a Jami'ar Concordia ta ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta wallafa bincike a 2009 inda ta nuna cewa shekara da shekaru ana daidaita kalar fim ɗin Kodak ne da hoton Baturiya, kuma cikin abubuwan da suka sa aka gyara yadda fim yake fitar da ruwan ƙasa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, da suka ga hajarsu ba ta fita daidai a talla. Dubi nan, 'yan kasuwa ne suka yi ƙara kafin a kula da fatar baƙin mutum! A wannan zamanin kuma kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka da dalilai ciki har da gyara kyamararsa ta fito da fuskar baƙar fata da kyau, abin a yaba. Sai dai kusan kowace waya a yau, ko ta wane kamfani ce, an horar da ita ta ƙawata abu ne, ta ƙara wa ja ja, ta ƙara wa kore kore, ta goge tabo. Wannan ya dace da hoton Sallah. Ga kayan sayarwa, kwalliyar da ba ta jikin kaya bashi ce, ranar kwance leda ake biya. Matsayar da muka cimma ita ce: a kashe filta da saitin gyaran fuska da alamar AI ɗin da ke saman kyamara, gyara bayan ɗauka kuma ya halatta in za a riƙe yadin a hannu ɗaya waya a ɗaya hannun, a matsar da hoto zuwa ga yadin, a tsaya inda suka haɗu.

Ko an yi duk wannan, akwai sauran tafiya tsakanin Hotoro da idon mai saye. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, ƙananan zare su narke. Tun 2023 sun saka maɓallin HD, in kuma ana son hoto ya je yadda yake sai a tura shi a matsayin fayil. Sannan fuskar wayar mai saye ba irin taki ba ce, wata ta rage haske don cajin ya kai ta dare, wata ta kunna saitin kare ido da ke mai da komai ruwan ƙwai. Shi ya sa Yaya take rubuta kalar da baki a ƙasan kowane hoto, kuma a nan Hausa ba ta gaza ba: ruwan goro, ruwan zuma, ruwan ɗorawa, ruwan siminti, ruwan ƙasa, ruwan bula, sararin samaniya. Kowace Bahaushiya ta san albasa, ta san hanta, ba za ta haɗa su ba. In akwai tabo ko zare ya ja a wani turmi, shi ma ana ɗaukarsa a kusa a tura.

Ba zan ce wa mai karatu kasuwa ta buɗe dare ɗaya ba. Hotunanta na yanzu, in aka jera su da na wasu da kalarsu ke tsalle tana kama ido, su ne marasa hayaniya, kuma akwai ranakun da takan kira ni ta ce wance ta ɗora irin kayanta sak ta sayar da goma ita ko biyu ba ta yi ba. Safiyarta ma ta tafi, daga ta sallami yara makaranta sai shimfiɗa da naɗewa har rana ta zagayo baranda, kuma in an kira ta da dare ana gaggawar hoto sai ta ce a yi haƙuri sai gobe, wasu su jira, wasu su tafi wani wurin. Abin da ya ragu shi ne buhun da ke dawowa daga tasha, da saƙon murya mai tsawon minti biyar.

Kala ɗaya ce har yanzu ta gagare mu, shunayya mai duhu, wadda ke tsakanin shuɗi da ruwan hanta. Mun gwada wayarta, mun gwada tawa, mun gwada ta maƙwabciya, a baranda da tsakar gida, da safe da la'asar, kullum sai ta zame ta koma shuɗi. Watan jiya wasu masu biki a Zariya suka nemi anko da irin wannan leshi. Yaya ta sa almakashi ta yanko ɗan ƙyalle kamar tafin hannu daga samfurin, ta saka a ambulan, ta ba babban ɗanta ya kai tashar Unguwa Uku ya ba direba. Washegari da azahar suka bugo suka ce a kawo 25.